Bosawan Elden Ring: tambayoyi da amsoshi ga wanda ya maƙale

Elden Ring wasan bidiyo ne na kamfanin FromSoftware da ke Japan, ya fito ranar 25 ga Fabrairu 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Tun daga lokacin, tambayoyin da abokai da ƙannena ke yi mini a kansa kusan iri ɗaya ne, kuma duk a kan bosawa suke, wato manyan abokan gaba masu wuyar kashewa: wane ya tare hanya, wance ta hana barci. Na tattara su a nan tare da abin da na sani. Sunayen wurare da na kayayyaki na bar su yadda suke a rubuce cikin wasan, domin da su za ka nema. Wurin hutawar nan mai hasken zinariya da ake kira Site of Grace zango zan riƙa ce masa. Jan layin da ke saman allo shi ne rai, shuɗin na tsafi ne, koren kuma numfashi.

Akwai wurin da ake rage wahalar wasan?

Babu. Ba za ka ga inda aka ce zaɓi mai sauƙi ko mai wuya ba. Sauƙin yana warwatse a cikin ƙasar wasan: a wajen maƙeri, a kogunan dutse, a tsoffin majami'u, a hannun 'yan kasuwar da ke zaune bakin wuta. Wanda ya yi yawo ya tara waɗannan, wasansa daban ne da na wanda ya miƙe kai tsaye yana bin hasken da ke nuna hanya. Yawancin masu ce mini wasan ya fi ƙarfinsu, idan na duba, hannunsu lafiya lau. Sun dai isa wurin da wuri ne, da gajeren rai da makamin da ba a taɓa kai wa maƙeri ba.

Ina fitowa filin farko wani mahayi mai sulken zinariya ya kashe ni. Dole sai na yaƙe shi?

Tree Sentinel ke nan. Kewaye shi ka wuce Church of Elleh. An ajiye shi a nan ne don ka koyi cewa ba kowane faɗa ake tsayawa yi ba. Ka dawo masa bayan Melina ta ba ka doki Torrent kuma ka ɗan yi ƙwari.

Margit ya kashe ni har na daina ƙirga. Me nake yi ba daidai ba?

A nan mutane da yawa ke ajiye wasan, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Abu na farko, Margit ba shi ne bos ɗin da ya kamata ka fara da shi ba, ko da yake hanya ta nuna wajensa. Kudancin Limgrave akwai yankin Weeping Peninsula, can ne makarantar sabon shiga. Bosawansa ba su da tsanani sosai, majami'unsa na ɗauke da Sacred Tear da ke ƙara ƙarfin kwalbar magani, a ƙarshensa kuma akwai Castle Morne. Ka gama da can, ka shiga Limgrave Tunnels ka haƙo duwatsun ƙira, ka ɗaga makaminka zuwa +3 a maƙerar Church of Elleh. A ganina wanda ya kai mataki na 25 zuwa 30 da irin wannan makami, faɗansa da Margit ya zama na adalci.

Na biyu, jinkirinsa. Margit yana ɗaga sandarsa sama ya riƙe ta, ya riƙe, har sai ka tsorata ka mirgina, sannan ya sauke maka ita a daidai lokacin da kake miƙewa. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san wannan: ɗan damben da ya ƙware yakan ɗaga hannu ya auna, yana jiran abokin karawarsa ya kauce da wuri. Kada ka kalli ɗagawar, ka kalli saukowar. Ka shiga sau uku ko huɗu ba da niyyar cin nasara ba, kada ma ka kai sara ko ɗaya. Ka tsaya kusa da shi kana kaucewa kawai, kana lura da sara nawa yake jerawa kafin ya huta. Wannan shawarar ita ce ta fi kowace amfani a cikin duk abin da zan rubuta, kuma ita ce mutane suka fi ƙin bi.

Na uku, kayan aiki. A bakin ƙofar hazo, wato mashigar filin bos, akwai alamar zinariya a ƙasa da ake kiran matsafi Rogier da ita. Akwai kuma Margit's Shackle da ɗan kasuwa Patches ke sayarwa a Murkwater Cave kan runes (kuɗin wasan, da su ake saye da ƙara mataki) 5,000, muddin ka yafe masa lokacin da ya miƙa wuya. Tana danne Margit a ƙasa na ɗan lokaci, amma a zagayen farko na faɗan, kafin ya canja salo, kaɗai take aiki, sau biyu. Idan ransa ya kusa rabi zai fito da guduma ta haske. Tsallen da yake yi da gudumar shi ne babbar damarka: ka mirgina a daidai saukarsa, za ka sami sara biyu lafiyayyu. Kada ka laɓe a bayansa, yana duka da wutsiya. Ka kuma nisanci bakin gadar, faɗawa ramin mutuwa ce nan take.

Idan duk an yi haka abin ya ƙi, akwai siririyar hanya ta gefen karyayyar gada a arewacin Stormhill da ke zagaye gidan sarautar Stormveil gaba ɗaya ta kai ka Liurnia. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka ɗage shi zuwa wata rana.

A kan me zan fi zuba runes ɗina?

Vigor. Shi ne rai. Sababbin 'yan wasa suna son zuba komai a Strength ko Dexterity don saransu ya yi zafi, alhali a farkon wasa ƙarin da waɗannan ke bayarwa kaɗan ne, domin zafin sara daga maƙeri yake zuwa. Ka ba makaminka iya abin da yake buƙata don riƙe shi, sauran ka kai Vigor. A 40 kana da rai 1,450, a 60 kana da 1,900, daga nan ƙarin ba ya da yawa. Ni dai ba na son ganin mutum ya shiga birnin Leyndell da ƙasa da 40, ko ya hau tsaunukan ƙanƙara bai doshi 50 zuwa 60 ba.

Dalilin a fili yake. Mai gajeren rai ana kashe shi da sara biyu, bai ma ga abin da ya same shi ba, balle ya koya. Mai dogon rai yana yin kuskure ya sha magani ya ci gaba, ya ga zagaye na biyu, ya fita da ilimi ko da an kashe shi.

Makami fa? Wanne ya fi?

Wanda hannunka ya saba da shi, aka kuma ɗaga shi. Makaman da ke cin Smithing Stone suna kaiwa +25, masu cin Somber Smithing Stone suna tsayawa a +10, kuma maƙeri Hewg na Roundtable Hold ne ke wannan aikin bayan +3. Kada ka raba duwatsunka kan makamai biyar. Ka riƙe ɗaya, ko biyu.

Idan suna kake so: Bloodhound's Fang, wanda ake samu bayan kashe Darriwil a Forlorn Hound Evergaol a kudancin Limgrave, yana iya kai mutum har ƙarshen wasa. Yana buƙatar Strength 18 da Dexterity 17. Uchigatana da ajin Samurai ke farawa da shi ma yana da kyau, saboda yana tara zubar jini, wanda idan ya cika yakan ɗebe wa bos babban kaso na rai a lokaci guda.

Ina mirginawa amma ana samuna. Me ya sa?

Duba nauyin kayanka tukuna. Idan ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da kake iya ɗauka, mirginawarka mai nauyi ce, ba ta da nisa, tashinka kuma a hankali. Cire sulke ɗaya ko makaman da ka rataya ba ka amfani da su, har rubutun ya koma Medium Load.

Sai alkibla. Tsoro yana sa mutum ya mirgina baya, amma yawancin bosawan an gina su ne su cim ma mai ja da baya: sara na biyu ya fi na farko tsawo. A cikin mirginawa akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da babu abin da ke taɓa ka, don haka idan ka mirgina cikin saran, kana fita ta gefen bos ɗin ko bayansa, kusa da inda za ka rama. Sannan ka daina danna maɓallin a jere. Kowane sara mirginawa ɗaya, a lokacinta. Mai dannawa barkatai numfashinsa yake ƙarewa, kuma saran jinkiri shi yake jira.

Wani abu da mutane ke mantawa: akwai maɓallin tsalle. Sara na ƙasa-ƙasa da girgizar ƙasa, da yawansu tsallake su ake yi, kuma sara mai nauyi daga sama yana karya tsayuwar bos. Idan ka jera irinsa da yawa ba tare da dogon hutu ba, za ka ji wata ƙara, bos ɗin ya durƙusa, ka sami suka mai zurfi.

Da na fara shan magani sai a buge ni. Suna ganina ne?

Suna gani. Da yawansu suna mayar da martani da zarar ka ɗaga kwalba: Margit ya jefo wuƙaƙe, Godskin ya jefo wuta. Nisa ba ya nufin aminci. Lokacin shan magani shi ne lokacin da da sara za ka kai, wato bayan bos ya gama jerin dukansa yana hutawa. Ka sadaukar da wannan damar ka sha.

Kwalabe suna ƙaruwa da Golden Seed har 14, ƙarfinsu kuma da Sacred Tear har +12. Idan ba ka amfani da tsafi sosai, ka mayar da kusan dukkansu ja, wato na rai, a zango. Kada ka manta da kwalbar haɗi, Flask of Wondrous Physick, da ke Third Church of Marika, ana ɗaukarta tun farkon wasa ba tare da faɗa ba.

Kiran taimako ba ha'inci ba ne? Wasu na cewa wanda ya kira bai ci wasan ba.

Wannan maganar tana ɓata mini rai, domin ta kori mutane da yawa daga wasan da da sun ji daɗinsa. Waɗanda suka ƙera wasan su suka sa ƙararrawar kiran kurwa, suka warwatsa Spirit Ashes, wato tokar kurwoyin da ake kira su taya ka faɗa, a ko'ina, suka ajiye Roderika musamman don ta ƙara musu ƙarfi. Bosawa da yawa, musamman masu zuwa biyu-biyu, a bayyane yake an yi su ne da tunanin za ka zo da rakiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ƙararrawar tana hannun wata mayya da ke bayyana a Church of Elleh da dare bayan ka sami doki, tana ba ka ita tare da kurwar kyarketai uku. Roderika na ba da Spirit Jellyfish a Stormhill Shack, mai ɗaukar duka da sa guba. Can gaba, a birnin Nokron da ke buɗewa bayan Radahn, akwai Mimic Tear wanda ke kwaikwayonka da kayanka, kuma da rai ake biyan kiransa, ba da shuɗin layi ba.

Abin da za ka sani shi ne, kiran mutum ta intanet ko ta alamar zinariya yana ƙara wa bos rai, kiran kurwa kuwa ba ya ƙarawa. Kuma ko da rakiya, sai ka san motsin bos, domin zai juyo kanka. Wanda ya zaɓi ya yi faɗansa shi kaɗai, madalla, na yi hakan a wasu wuraren kuma akwai daɗi. Amma wannan zaɓinsa ne, ba sharaɗi ba ne a kan kowa.

Runes ɗina sun zube a ɗakin bos. Yaya zan yi?

Runes suna zubewa ne a inda aka kashe ka, idan kuma aka sake kashe ka kafin ka ɗauka, sun tafi. Ka shiga, ka kauce wa harin farko, ka ɗauka, sannan ka fita daga wasan ta jerin zaɓi. Idan ka dawo za ka tsinci kanka a wajen ƙofar hazo da dukiyarka. Nan gaba ka kashe su kafin ka shiga. Mai shiga da aljihu cike hankalinsa rabe yake.

Godrick da Rennala?

Wanda ya wuce Margit yawanci Godrick ba ya ba shi wahala sosai. Ana kiran jaruma Nepheli Loux idan ka yi magana da ita a cikin gidan. A zagaye na biyu yana sare hannunsa ya ɗaura kan dodo, sai ya fara da feshin wuta. Ka ruga wajensa ta gefe, kada ka gudu. Bayan nasara ka kai Great Rune ɗinsa, babban tambarin da ya bar maka, Divine Tower of Limgrave, idan ka kunna shi da wani abu da ake kira Rune Arc yana ƙara 5 a kowane fanni, irin su Vigor da Strength.

Rennala ta Raya Lucaria kuwa, zagayenta na farko ganewa ne kawai. Tana shawagi cikin ƙawanyar haske, ɗalibai na rarrafe a ƙasa. Nemi wanda ke haske yana rera waƙa ka buge shi, sau uku a kan ɗalibai uku, sai ta faɗo. A zagaye na biyu ka matsa mata da ƙarfe, tsafi ba ya cin ta sosai. Bayan ka ci ta, ita ce ke ba ka damar sake rarraba matakanka idan ka kawo Larval Tear. Wanda ya yi kuskuren rabo tun farko, ga gyara.

Radahn yana harbe ni tun ban ƙaraso ba.

Filin Radahn a Caelid yaƙi ne na taron dangi, haka aka tsara shi. Da ka sauka, alamun kira suna nan birjik a kan rairayi: Blaidd, Alexander da sauransu. Ka kira su duka. Manyan kiban farko ka kauce musu da mirginawa ko ka fake a bayan tarkacen makamai, ruwan kiban kuma ka hau doki ka tsere masa. Idan mayaƙanka suka faɗi, alamunsu na sake fitowa a filin, ka zagaya ka sake kira.

Ruɓar nan ja da ake kira Scarlet Rot tana cinsa sosai. Idan ransa ya kai rabi zai yi sama ya ɓace, kiɗa ya tsaya. Hau doki nan take, ka ɗaga kai kana duba sama kana gudu ta gefe, domin zai dawo kamar tauraro mai wutsiya. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja: daga nan ka rage kwaɗayi, ka sa ido kan duwatsu huɗu da ke shawagi a kansa.

Rykard fa, macijin nan da ke cikin narkakken dutse?

A bakin ɗakin akwai mashi mai suna Serpent-Hunter. Ɗauke shi ka riƙe. A wannan ɗakin yana kaiwa nesa ƙwarai, da shi aka so ka yi faɗan.

Bayan Leyndell wasan ya zama wani abu daban. Ni kaɗai ne?

Kowa yana jin wannan. Morgott da ke tsaron Leyndell shi ne Margit a ainihin kamarsa, har sarƙar nan ta Patches tana aiki a kansa a zagayen farko. Daga shi, duka yana ƙara zafi sosai, kuma a nan ne gajeren rai ke tona wa mutum asiri.

Fire Giant yana da rai mai yawan gaske. Ka nufi idon sawunsa na hagu, wanda aka ɗaure. Doki na isa wurinsa ne idan ya mirgina ya yi nisa, amma da ka iso ka sauka, domin a ƙasa kake da mirginawa. A zagaye na biyu ka tsaya ta bayansa ko ka sari hannayensa idan ya kafa su.

Godskin Duo a Crumbling Farum Azula rai ɗaya suke rabawa, kuma wanda ka kashe yana dawowa har sai layin ya ƙare. Barci yana kama su, don haka Sleep Pot na kwantar da ɗaya ka ji da ɗayan. Ka yi amfani da ginshiƙan ɗakin ka raba su, ka kuma zo da rakiya.

Maliketh shi ne wanda na fi girmamawa a cikinsu. Ransa ba shi da yawa, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma baƙin takobinsa yana rage tsawon ranka yana kuma ci gaba da cinsa bayan saran. Yin nesa da shi shi ne kuskure, a nan yake jefo igiyoyin wuta daga sama. Ka manne masa, ka mirgina ta ƙarƙashinsa. Blasphemous Claw, da ake samu daga Bernahl idan ya kawo maka hari a wannan yankin, tana mayar da wasu daga cikin saransa, waɗanda takobin ke yin hasken zinariya.

Malenia. Akwai mai cin ta kuwa?

Ana ci. Da farko ka sani ba dole ba ce, ana gama wasan ba a gan ta ba. Tana can ƙasan Haligtree, kuma sai ka haɗa ɓari biyu na wani tambari kafin ka isa yankin: ɗaya a hannun Albus a Village of the Albinaurics, ɗayan a Castle Sol bayan Commander Niall.

Abu biyu suka sa ta zama abin da ta zama. Na ɗaya, duk saran da ta same ka da shi yana mayar mata da rai, ko da ka tare da garkuwa. Wanda ya saba fakewa a bayan garkuwa, a nan sai ya sake koyo. Kurwar da ke tsayawa tana shan duka ma ciyar da ita take yi. Na biyu, Waterfowl Dance. Za ta yi sama ta tsaya cak, sannan ta sauko da guguwar sara kashi uku. Ba ta fara shi sai ranta ya ɗan ragu, don haka daga nan kada ka yi sara mai tsawon da zai riƙe ka. Idan akwai tazara tsakaninku lokacin da ta tashi, juya ka ruga da gudu, kashin farko zai ƙare bai same ka ba. Na biyu ka mirgina cikinsa. Na uku tana wuce ka ta juyo, ka mirgina ta inda ta fito ka ƙara gaba. Idan ka jefe ta da Freezing Pot tana sama, tana faɗowa, amma sai hannunka ya yi sauri.

Tana da rauni kuma. Ba ta da nauyi, sara yana girgiza ta, zubar jini da sanyi suna kama ta. A zagaye na biyu tana buɗewa da faɗowa daga sama ta zama babbar fure. Ka gudu ta ƙarƙashinta ka wuce, ka jira furen ya lafa, kada ka shiga cikinsa da wuri domin ruɓa zai sa maka. Ka riƙe Preserving Boluses saboda haka.

Na yi kwanaki a kanta. Abin da ya canja mini faɗan shi ne ranar da na daina ƙoƙarin sara na uku. Biyu, in ja. Akwai wani ɗan wasa da ya yi suna a 2022 da laƙabin Let Me Solo Her, tulu a ka, takubba biyu a hannu, yana shiga wasan mutane yana kashe musu ita. Bayan ya yi haka sau 1,000 kamfanin Bandai Namco ya aika masa da kyautar takobi. Idan ka kalli yadda yake yi, ba sauri za ka gani ba, haƙuri za ka gani da sanin kowane motsinta.

Mohg yana ƙirga wani abu, sai raina ya zube sau uku.

Yana sa maka zobba ja guda uku a hankali, sannan ya ɗaga mashinsa ya tsotse ranka sau uku yana ƙara nasa. Ba a kauce wa wannan. Ko dai ka sha kwalba bayan kowace tsotsa, ko ka zuba Purifying Crystal Tear cikin kwalbar haɗi ka sha kafin lokacin. Ana samunta daga Eleonora a Second Church of Marika da ke Altus Plateau. Shi ma yana da tasa sarƙar, Mohg's Shackle, a magudanun ƙarƙashin Leyndell.

Faɗan ƙarshe biyu ne a jere?

E, Radagon sannan Elden Beast, kuma kwalabenka ba sa cika a tsakani. Saboda haka duk aikin yana kan Radagon: sai ka iya shi har kana wuce shi da kwalba uku ko huɗu kawai. Makami mai hasken tsarki ba ya cin su sosai, zubar jini kuma ba ya kama su, don haka mai dogaro da waɗannan ya nemi ƙarfe zalla. Haligdrake Talisman tana rage zafin dukansu. Dabbar ƙarshe tana yawan nutsewa ta ɓullo nesa, amma tun gyaran da aka yi wa wasan a Yuni 2024 ana iya kiran doki a filinta. Zobban haske da ke matsowa, tsallake su ake yi.

Na shiga Shadow of the Erdtree da babban mataki, amma ana kashe ni kamar sabon shiga.

Wannan ƙari ne da aka yi wa wasan, ya fito ranar 21 ga Yuni 2024, ana shiga bayan an kashe Radahn da Mohg, kuma yana da nasa ma'aunin ƙarfi. Scadutree Fragment su ne ke ƙara zafin saranka da juriyarka a can, har mataki 20. Idan Rellana ko Messmer suna gamawa da kai da sara biyu, darasin Margit ne ya dawo: ka bar ƙofar, ka hau doki, ka nemo gutsattsarin a wajen alamun giciye na Miquella da gaban gumakan majami'u, ka dawo.

Ba a tsayar da wasan. Idan aka kira salla ko aka aike ni ina tsakiyar faɗa fa?

Ka fita ta jerin zaɓi, daƙiƙa kaɗan ne. Bos ɗin zai koma da cikakken rai, amma runes ɗinka da kayanka suna nan. Wasan yana adana kansa a kai a kai, don haka ko wuta aka ɗauke yawanci kusa da inda kake za ka dawo.

Sau nawa zan gwada kafin in haƙura na ranar?

Ni ma'aunina shi ne inda nake kaiwa. Muddin ina ganin sabon abu, ko ina rage masa rai fiye da ɗazu, ina ci gaba. Da na ga ana kashe ni a zagayen farko da saran da na riga na iya kaucewa, na san hannu ya gaji, sai in ajiye. Sau da yawa washegari a gwaji na biyu ko na uku abin yake faɗuwa. Idan kuma ba ka son kashe na'urar, sa alama a taswira, ka tafi wani kogon da ba ka shiga ba, ka nemo Golden Seed ɗaya ko duwatsun ƙira ka kai wa Hewg.